Ku Tambaya Mu Amsa: gasar harbi da fistol, lissafin maki, da abin da ke sa rafali ya kori mutum

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Tun da muka taɓo zancen gasar harbi da ƙaramar bindiga a fitowar baya saƙonni suke ta shigowa, wasu tambaya, wasu kuma faɗa suke min wai me ya haɗa mujallar Hausa da wasan bindiga ana cikin wannan hali. Na ji ku, amsarku tana cikin tambaya ta uku. Na ɗan rage tsawon wasu saƙonnin, a yi haƙuri.

Malam barka da aiki. Ni dai a TikTok da YouTube nake ganin turawa suna gudu da fistol suna harbin kwali da ƙarfe, wani na binsu a baya riƙe da ɗan akwati. Wai horon sojoji ne ko me? Kuma ya ake gane wanda ya ci, wanda ya riga gamawa ne? Daga wani mai karatu a Kano.

Wasa ne ɗan'uwa, ba horon soja ba, duk da dai tsohon soja ne ya ƙirƙiro shi. Wani Ba'amurke mai suna Jeff Cooper ne ya fara haɗa irin wannan gasa a shekarun 1950 a Big Bear Lake da ke jihar Kalifoniya, lokacin da hannu ɗaya ake harbi daga ƙugu kamar a fim ɗin kaboyi, sai a 1959 wani ɗan sanda Jack Weaver ya zo ya kama bindigar da hannu biyu ya ɗaga ta har saitin ido ya lashe gasar, to tun daga nan salon ya canza. A watan Mayun 1976 aka yi taro a garin Columbia na jihar Missouri aka kafa ƙungiyar duniya ta wasan wato IPSC, Cooper ya zama shugabanta na farko. Abin mamaki gasar duniya ta riga ƙungiyar, a 1975 aka yi ta farko a Zurich, Ray Chapman ya ɗauka. Nahiyarmu ma ta karɓi baƙuncinta, Afirka ta Kudu ta yi a 1979 da 1981, ta sake yi a 2002 a Pietersburg wanda yanzu ake kira Polokwane. A Amurka reshen ƙungiyar sunansa USPSA.

Mutumin da kake gani a baya rafali ne, akwatin hannunsa kuma taima ce. Ita ke yin ƙarar fara wasa, kuma tana da kunne, duk harbin da aka yi sai ta rubuta a sakan nawa aka yi shi, lokacinka yana tsayawa ne a kan harsashi na ƙarshe. Gasa kashi kashi ce, kowane zango da tsarinsa, gajere bai wuce harsashi 12 ba, matsakaici 24, dogo 32, kuma ba a gaya maka ta ina zaka fara, kai zaka duba ka tsara hanyarka.

Wanda ya riga gamawa ba lallai shi ya ci ba, wanda ya fi iya saiti ma ba lallai ba. Maki ake rabawa da lokaci. Kwalin nan yana da yanki uku, A a tsakiya maki 5, sai C, sai D a gefe, kuma yawanci harsashi biyu ake so a kowane kwali. Ga mai harba harsashi mai ƙaramin ƙarfi, wanda ake kira maino, C maki 3 ne D maki 1. Farantin ƙarfe in ya faɗi maki 5. In ka kuskure gaba ɗaya a cire maka 10, in ka huda farin kwalin da aka hana taɓawa a cire 10, in ka taka layi ka yi harbi shi ma 10.

Bari in buga maka misali da zango mai harsashi 12, wato maki 60. Na farko ya natsu ya zuba duk a A cikin sakan 12, 60 a raba 12 ya samu 5.0. Na biyu ya gama a sakan 10 da A takwas C huɗu, maki 52 kenan, ya samu 5.2, kaga ya wuce na farko duk da bai kai shi saiti ba. Na uku ɗan gaggawa ya gama a sakan 9 ana ta tafa masa, amma da aka je duba kwali A takwas C uku ɗaya ya bi iska, 40 da 9 a cire 10 saura 39, a raba 9 ya tashi da 4.33, shine na ƙarshe. Sai a ba na biyu makin zangon duka 60, sauran a auna su da shi, na farko ya samu kusan 57.7 na uku 50. To irin bidiyon na ukun nan ne yafi yawo a waya, don kyamara bata zuwa duba kwali.

Yallabai raina a ɓace yake. Ina karatu a Texas, na shiga gasata ta farko a wani kulob, a zango na biyu ina tafiya hagu ina canza magazin (gidan harsashi) sai kawai rafali ya daka min tsawa wai in tsaya, yace yatsana na kan kunama, an kore ni daga gasar gaba ɗaya. Bindigar fa bata tashi ba, ban ji wa kowa ciwo ba, ga kuɗin rajista ga kuɗin harsashi ga tafiyar awa biyu. Anya ba don ya ganni baƙi bane? Daga wani ɗalibi.

Sannu ƙanena, akwai ciwo kam. Zuciyar rafali Allah kaɗai ya sani, amma abin da ya hukunta ka a kai yana nan a rubuce a babi na 10 na dokokin, kuma an kori zakarun duniya a kan irinsa. Dokar bata jira sai bindiga ta tashi. Lokacin ɗura harsashi, lokacin canza magazin, lokacin gyara in ta cije, da lokacin tafiya in ba kana saitin kwali bane, dole yatsa ya fita daga zoben kunama, kuma ya fita yadda rafali zai gani da idonsa. Da yawan sababbi suna ɗan ɗaga yatsan ne a cikin zoben su ce ai ban taɓa ba. Wannan baya wucewa. Miƙe shi sosai ka manna shi can sama a jikin bindigar har ka ji ƙarfen a fatar yatsanka.

Gaskiya ma ka gode Allah da abu ɗaya aka kama ka, don wurin da ka faɗa, na-dama, wato mai harbi da hannun dama, yana tafiya hagu yana canza magazin, nan ne mutane suka fi karya ɗaya dokar, ta bakin bindiga. Ka ɗauka akwai layi da ya ratsa ta kafaɗunka daga hagu zuwa dama in kana fuskantar tudun ƙasar da ke tare harsashi, bakin bindiga bazai taɓa tsallake layin nan ya kalli baya ba, ko da ɗan kaɗan, ko da babu harsashi a ciki. In na-dama ya karkato bindiga don cusa magazin bakinta hagu yake leƙawa, to in jikinsa ma ya juya hagu shikenan ta kalli 'yan kallo. Maganinsa ka bar hannun bindigar a miƙe wajen tudun kai kuma ka tafi, ko ka gama canjin kafin ka juya ƙugu.

Sauran abubuwan da ke jawo kora tunda ka shigo harkar gara ka haddace su. Bakin bindiga ya ratsa wani sashe na jikinka, yawanci hannun hagu wajen buɗe ƙofa ko mayar da ita kube. Harsashi ya tashi ba da niyya ba, ya haye tudu ko ya bugi ƙasa kusa da ƙafarka, a IPSC mita 3 ne. Bindiga ta suɓuce ta faɗi kana cikin zango, kuma don Allah in ta suɓuce kar ka cafe, bar ta ta faɗi, wajen cafewa ne yatsa ke faɗawa kan kunama, rafali ne zai ɗauka ba kai ba. Harbin ƙarfe daga tazarar da bata kai mita 7 ba, saboda ɓarɓashin dalma yana dawowa. Sannan filin gaba ɗaya ba a yawo da bindiga mai harsashi, tana kube babu magazin har sai rafali yace ka ɗura. Wuri ɗaya aka ware mai tebur inda zaka iya fito da ita ka goge ko ka gyara, a wurin kuma haramun ne ka taɓa harsashi, ko na roba ne na atisaye wanda baya tashi. Giya ko ƙwaya kuwa ba sai an faɗa ba.

Umarnin rafali da Turanci ake bayarwa a ko'ina a duniya, ko a Tailan ko a Faransa, kuma kalmomin basa canzawa: ɗura ka shirya, ka shirya?, dakata, sai ƙarar taima cikin sakan 1 zuwa 4. In ka gama yace ka sauke ka nuna masa cikinta babu komai, sannan ka saita tudu ka danna kunama ka mayar kube. In ka ji harbi yayi wani ɗan "fus" maimakon ƙara, tsaya da kanka kar ka jira tsawa, wataƙila kan harsashi ne ya maƙale a bututu, in ka bi shi da wani bututun na iya fashewa a hannunka.

In kana ganin an zalunce ka akwai hanya, ka nemi babban rafalin zangon, daga shi sai shugaban fili, daga nan kwamitin ɗaukaka ƙara a rubuce. Amma a maganar yatsa, abin da rafali yace ya gani shi ake ɗauka. Shawarata, korar ta wannan gasar ce kawai, wata mai zuwa ka koma. Kuma da na san ka a ranar da na ce kar ka tafi gida, ka ajiye bindiga a mota ka ɗauki salatif ɗin liƙe ramukan kwali ka yini kana taya su, wanda aka kora ya tsaya yayi haka kowa a kulob sai ya riƙe fuskarsa da alheri.

Malam ni abin ya burge ni, a ina zan sayi fistol in fara a nan gida? Akwai wanda yace zai samo min. Daga Kaduna.

Kar ka soma. Wanda yace zai samo maka ɗin nan ka goge lambarsa. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta raba bindigogi aji aji, fistol da rebolba suna ajin farko, ajin da aka haramta, tare da bindigogin soja, ba mai ba da lasisinsu sai shugaban ƙasa. Bindigar farauta irin mai baki biyu da bindigar iska lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, ta toka irin ta maharba kuma kwamishinan 'yan sanda na jiha. Wanda aka kama da fistol ba lasisi zancen ɗauri ake, kuma "wasa nake so in koya" ba hujja bace a gaban alƙali. Masu min faɗa ku ma ga amsarku, wannan wasa na inda doka ta yarda ne, a fili mai rajista, da rafali a bayanka, shi yasa kusan duk masu tambayar da ke yinsa 'yan uwanmu ne mazauna waje.

Kuma ba mu kaɗai bane. A Japan ba a barin farar hula ya mallaki fistol, a Birtaniya an hana tun 1997 bayan kisan yara a makarantar Dunblane. Shi yasa IPSC ta buɗe reshe na bindigar roba mai harba 'yan ƙwallaye da iskar gas, dokoki iri ɗaya kora iri ɗaya, aka yi gasar duniyarsa ta farko a Hong Kong a 2018. Wani ɗan Japan Tatsuya Sakai da irin wannan bindigar yayi yawancin atisayensa a gida, ya je Amurka a 2004 ya lashe gasar harbin farantan ƙarfe ta Steel Challenge da bindigar gaske. Amma ko ita ta robar ban ce ka yi oda ba, kamarta ɗaya da ta gaske, a shingen bincike da daddare ba wanda zai tsaya tambayarka roba ce ko ƙarfe. In harbi kake so a matsayin wasa a gida ka bi ta hukumar wasanni ta jiharka ka tambayi masu harbin saiti irin na gasar Olamfik.

Salam Malam. Ni da maigidana muna zuwa kulob a nan Johannesburg. Matsalata duk harbina ƙasa yake sauka ta hagu, kullum. Shi yace saitin bindigar ne ya goce a sayi wata. Sannan hijabi zai hana ni shiga gasa? Daga wata 'yar'uwa.

Hajiya ki ce wa Alhaji ya riƙe kuɗinsa tukun. In da hannun dama kike harbi, ƙasa ta hagu kusan kullum hannu ne ba bindiga ba. Gwaji mai sauƙi, ki ba wani gwani a kulob ya harba biyar a mita 10, ko ke ki ɗora hannuwanki a kan buhun yashi ki harba a hankali. In sun shiga tsakiya magana ta ƙare.

Abin da ke faruwa shine a daidai lokacin da yatsa ke danna kunama sauran yatsun hannun dama suma sai su matse, ga kuma jiki da ya riga ya san ƙara na zuwa sai ya tura bindigar ƙasa kafin ta tashi, duk a cikin ƙiftawar ido, ke baki ma san kin yi ba. In kina so ki gani da idonki ki sa Alhaji ya ɗura miki magazin a fili ya cakuɗa harsashin roba na atisaye, wanda baya tashi, ɗaya ko biyu a ciki ba tare da kin san inda suke ba. In kika zo kansa zaki ji "ƙyas" kawai ki ga bakin bindigar ya yi sujada. Kowa sai yayi dariya ranar farko.

Gyaran daga riƙo yake farawa. Hannun dama ya hau can sama har ya tokare, ya riƙe daidai misali ba matsewar mutuwa ba don yatsan kunama ya samu sakewa, hannun hagu shi ne zai matse da ƙarfi, tafinsa ya cike gurbin da ya rage a jikin mariƙin, manyan yatsu biyu suna kallon gaba. Sai atisaye a gida ba harsashi, minti 10 zuwa 15 a rana ya fi awa uku ranar Asabar. Sharaɗinsa, harsashi ko ɗaya baya cikin ɗakin, ki duba cikin bindigar sau biyu, ki fuskanci bango mai ƙarfi da ba kowa a bayansa, in kin ce kin gama to kin gama, babu "bari in ƙara ɗaya" bayan an mayar da harsashi, a nan ake samun tsautsayi. Ki sa taima a waya, ki saita, yatsa na taɓa kunama, da jin ƙara ki danna nan take da sauri, idonki na kan saiti, in ya motsa ki ƙara matse hagu ki sassauta dama. Danna kunama a hankali kowa ya iya, a gasa kuwa babu wannan lokacin. Inda Alhaji zai iya yin gaskiya guda ɗaya ne, in mariƙin ya yi wa hannunki girma har sai kin karkace kafin yatsa ya kai kunama, to nan a nemi ƙarami.

Hijabi baya hanawa, mata na harbi a zango ɗaya da maza kuma akwai kyautarsu daban. Rufe wuya ma riba ce, don kwanson da ke fitowa da zafi yake, in ya faɗa wa mutum cikin riga sai kiga yana rawa da bindiga a hannu. Abin kiyayewa shine ya zama gajere ko ki cusa shi cikin riga, kar ya sauko kan bel, don bakin ƙyalle in ya shiga kube tare da bindiga yana iya jan kunama. Ki sa tabarau, ki toshe kunne biyu, na cusawa da na kifawa musamman a filin cikin ɗaki, kuma ki wanke hannu da sabulu kafin ki ci abinci ko ki ɗauki yaro saboda dalma. In da juna biyu a haƙura da fili sai an sauka.

Menene manja da maino da nake ji ana faɗa? Daga Maryland.

Awon ƙarfin harsashi ne. Nauyin kan harsashi a ma'aunin giren, a ninka da gudunsa ƙafa nawa a sakan, a raba da 1000. Mafi ƙaranci 125, shine maino. Manja a IPSC ya danganta da ajin bindigar, 160 ne a ajin Open, 170 a Standard, a wajenku USPSA kuma 165. Mai manja bindigarsa ta fi tsalle, sai aka saka masa da C maki 4 D maki 2. Ajin Production, inda ake harbi da irinsu Glock 17 da CZ Shadow 2 kusan yadda suka fito daga kamfani, kowa maino ne, kuma nan nake ba sabo shawarar ya fara. A manyan gasa ana karɓar harsashinka 8 a auna. Mai giren 124 da ke gudun 1050 ya ba da 130, lafiya lau, amma in ya sauka 1000 ya zama 124, ka yi ta harbi makinka bazai shiga lissafi ba. Kar ka tsaya a bakin iyaka, na'urar awo da yanayin gari suna bambanta.

Malam saitina yana da kyau, kusan duk A, amma kullum ina ƙasan jeri. Na gwada saurin danna kunama sai na fara kuskure. Ya zan yi? Daga wani ɗan'uwa a Jamus.

Ka nemi sauri a inda baya nan, shi yasa sauri ya haifi nawa. Karɓi taima bayan zango ka duba lambobin. Tsakanin harbi biyu a kwali ɗaya, kai da gwani bambancinku bai fi ɗaya bisa goma na sakan ba, a zango mai kwali 16 duka duka sakan ɗaya da rabi kenan. Amma shi ya gama a 18 kai a 30. Ina sauran goman? Suna wajen zarowa daga kube, wajen tashi daga wannan kwali zuwa wancan, wajen isa wuri ka tsaya cak sannan ka ɗaga bindiga sannan ka nemi kwali, wajen canza magazin a tsaye, da wajen tsayawa tunanin ina na nufa. Kamar direban da ke taka mota tsakanin danja da danja ne amma duk inda ya tsaya sai ya kashe inji.

Je ka kalli bidiyon Eric Grauffel na Faransa, wanda ya fara cin gasar duniya a Cebu ta Filifin a 1999 yana ɗan shekara 19 ya kuma yi ta maimaitawa, ka rufe sautin, ka kalli ƙafafunsa kawai. Bai ma yi kama da mai gaggawa ba. Kafin ƙafarsa ta gama sauka bindiga ta riga ta hau ido, yana sakin harsashi na ƙarshe jikinsa ya riga ya fara barin wurin, magazin kuma a cikin tafiya yake canzawa inda dama ba harbi zai yi ba. Ido ne ke fara zuwa kwali na gaba, daidai ɗigon da kake so ka huda, bindiga ta biyo shi, in ka tafi da su tare sai ka wuce ka dawo.

A 'yan mintunan da ake bayarwa na zagaya zango kar ka tsaya hira. Ƙirga kwalaye ka tabbatar sun kai adadin da aka karanto, zaɓi inda zaka tsaya da inda zaka canza magazin, sannan ka koma gefe ka rufe ido ka bi hanyar a kai har sai ta zauna, kuma ko ka ga wani gwani ya bi wata hanya daban ana saura mutum biyu a kira ka kar ka canza. Ka kuma koyi gane inda harsashi ya tafi daga yadda saiti yake lokacin da ta tashi, ba sai ka leƙa rami ba. Kuskure ɗaya maki 15 ne, 10 na tara da 5 da ka rasa, a zangon da ake samun maki 5 a sakan daidai yake da ka tsaya sakan 3 kana kallon sama, alhali ƙara harsashi ɗaya na gyara bai kai sakan ɗaya ba.

Na atisaye ka gwada El Presidente, tsohon gwajin Cooper. Kwali uku a yadi 10, ka ba su baya, da jin ƙara ka juyo ka gama juyowa sannan ka zaro, biyu biyu a kowanne, canza magazin, ka sake biyu biyu, harsashi 12. A zamanin Cooper sakan 10 ne ma'auni, gwanayen yanzu suna yi a rabin haka. Rubuta lokacin zarowa da na canjin magazin daban a littafi, wanda ya fi muni a cikinsu shi zaka kai gida ka yi ta yi ba harsashi har wata ya zagayo, sannan ka turo min lambobin mu gani.